Ƙahon Na'Allah da Kafaɗar Kailu

Duk wanda ya saba cin kasuwar Lahadi a Filinge ya san gawon nan na bayan kara, kasuwar dabbobi, inda dillalan raƙuma suke fakewa idan rana ta take. A gindinsa Na'Allah wanzami ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana shimfiɗa tabarma. Gajere ne kakkaura, hularsa kullum a karkace. Allah ya hore masa hannu mai sauƙi, ya haɗa masa da zuciya mai nauyi. Hannun dai, kowa ya yaba. Zuciyar kuwa, sai wanda ya zauna da shi ya san ba ta jure jin an yabi wani wanzami ko da a Abala yake, balle a gabansa.

Zabirarsa ta gado ce. Ubansa ne yake aski da kaciya da askin suna a rabin gidajen garin, shi kuma ya gaji gidajen tare da asaken. A zamanin Nasara, ranar da aka zo ɗibar yara za a kai su lakkol, makarantar boko, uban ya cusa shi cikin rumbun gero ya rufe. Masu ɗiba suka wuce suka kama Isufu, ɗan maƙwabta. Ranar nan a gidan su Isufu aka yi kuka, a gidan su Na'Allah aka yi sadakar fura don godiya. Ku riƙe sunan Isufun nan, zai dawo.

Cikin duk aikin wanzanci, ƙaho ne abin alfaharin Na'Allah. Zai wanke wurin da ke ciwo, ya kifa ƙahon saniya a kai, ya tsotse iskar ta ɗan ramin tsininsa, ya liƙe ramin da kakin zuma da harshensa. Idan fata ta tashi sai ya cire, ya tsattsaga wurin da bakin aska, ya mayar da ƙahon. In ya sake cirewa, jini ya taru baƙi ƙirin ya daskare. Nan ne daɗin sana'ar yake. Sai ya juye jinin a kan yashi a gaban mai ciwo, ya nuna masa da yatsa, ya ce, "Ga ciwonka nan." Mutum ya tashi yana jin an sauke masa kaya, tunda ya ga abokin gabarsa da idonsa.

Gadon bayan da ya fara koyon ƙaho a kansa kuwa na Kailu ne. Kailu abokin kaciyarsa ne, rana ɗaya, aska ɗaya. Dogo ne marar yawan magana, sana'arsa jan guga a rijiyar gabas da gari, yana shayar da shanun mutane. Lokacin da Na'Allah yake ɗan shekara goma sha bakwai, babu wanda ya yarda ya ba shi bayansa ya koya, sai Kailu ya tuɓe riga ya zauna. Hannun ɗan koyo ya yi rawa, tsagar farko ta fita a karkace ƙarƙashin allon kafaɗar dama, ta bar tabon da bai taɓa ɓacewa ba. Tun daga ranar babu askar da ta ƙara taɓa jikin Kailu sai ta Na'Allah. Shekaru suka yi ta tafiya, tabo yana bin tabo, har bayan nan ya cika da ƙananan layuka kamar gonar da aka gama yi wa kunya. Na'Allah ya san kowane layi, ya san daminar da aka yi shi. In an gama ƙaho kuma Kailu ba ya tashi. Zai zauna nan gindin gawo har la'asar, Na'Allah yana zuba, shi yana gyaɗa kai, suna raba goro ɗaya.

Soja sun yi 'yan shekaru da karɓar mulki lokacin da Isufu ya dawo gida. Yaron da aka yi wa kuka ya zama ma'aikacin jinya, ya yi aiki da soja, ya yi a babban asibiti a Yamai tare da likitocin ƙasar Sin, yanzu an turo shi asibitin garinsu. Ga farar riga, ga agogo, ga babur, kowa yana kiransa Majo. Na'Allah ya ga babur ɗin ya tuna rumbun gero. Amma ba babur ne ya hana shi sukuni ba, wani ɗan gwangwani ne da Majo ya zo da shi. A ciki akwai allurai sirara kamar gashin wutsiyar doki. Ba a zuƙa musu magani. Majo yakan dafa su a ruwa, ya lalubi inda naman mutum ya ƙulle, ya soka, ya ɗan motsa, ya zare. Shi ke nan. Mutanen gari suka sa mata suna busasshiyar allura.

Na'Allah ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ku ji mani wani sabon salo," in ji shi ga masu jiran aski. "Allura ba ruwa cikinta, ba ta zuba maka komi, ba ta hidda maka komi. To ciwon ta ina yab bi yah hita? Ni in na ce ga ciwonka, kana ganin shi da idonka, har ƙuda na shaida."

Malaman makaranta suka fara zuwa wurin Majo, da teloli masu ciwon wuya, da wani jandarma mai ciwon ƙugu. Na'Allah ya ce su je, dama ba nasa ba ne. Ƙarya yake yi, kowanne ya ƙona masa rai, amma ƙunar da ake iya kwana da ita ce.

Sai shekarar babban fari ta zo. Ruwa ya gudu can ƙasan rijiya, aka yi ta ƙara wa guga igiya, shanun da suka rage kuma ƙishirwarsu ba ta ragu ba. Kailu yana ja tun hantsi har yamma, sai kafaɗarsa ta dama ta ƙulle. Hannun ya ƙi wuce ƙirji, ko kabbarar salla sai da hagu kaɗai yake ɗagawa sosai. Lahadi uku a jere Na'Allah yana kafa masa ƙaho. Jini yana fita baƙi yadda ake so, ƙuda yana shaida, amma kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba.

Wata Juma'a da hantsi Na'Allah ya tafi gidan Kailu zai yi masa askin masallaci. Ya jiƙa kan, ya karkatar da shi, sai idonsa ya sauka a gindin wuya, inda riga ta ɗan zame. Wasu jajayen ɗigo ne guda huɗu, ɗaya da ɗan kurma a gefensa. Askar ta tsaya a sama.

"Kailu, mi na wanga ga wuyanka?"

"Cizon ƙuma na."

"Ƙumar da ka cizo bisa layi? Lakkol tay yi?"

Kailu ya ja wuyan riga ya rufe wurin. Mutumin da bai iya magana ba, ina zai iya ƙarya? Can ya ce, "Jiya nit tahi wurin Majo. Kar ka yi hushi, Na'Allah. Masu shanu sun ce in ban iya jan guga su nemi wani. Ga ɗiya cike da gida."

"Mi yay yi maka?"

Kailu ya ba shi labari yana kallon ƙasa. Majo ya kwantar da shi rubda ciki, ya yi ta danna kafaɗar da babban yatsa har ya sami wani ƙulli kamar ƙwallon magarya, wanda in an taɓa shi ciwon yake harbawa har gwiwar hannu. Shigar allurar ba ta fi cizon sauro ba. Da ta kai kan ƙullin ne naman ya yi tsalle da kansa, sau biyu, kamar ba jikinsa ba. Majo ya ce tsallen nan ake nema. Ya ce wurin zai yi tsami kwana biyu kamar an doke shi da sanda, ya sha ruwa da yawa, ya gasa da ruwan ɗumi, ya riƙa motsa hannun a hankali, rana ta uku ya gani.

"To yanzu ƙaƙa kaka ji?"

"Ya hi jiya ciwo," in ji Kailu, don gaskiya ce.

"Madalla! Magani mai ƙara ciwo. Allah shi ƙara basira."

Ya ƙarasa askin, don aikin gado ba a barinsa rabi, amma bai shafa kan da tafin hannu ba yadda ya saba. Aka kawo masa fura ya ce ya ƙoshi. Ya koma gida ya zauna a zaure, aka kawo tuwo ya ture. Matarsa Dijatu, wadda ita kaɗai ce a duniya ba ta tsoron fushinsa, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ni dai na ji ana kishin mata, na ji ana kishin gona. Kishin bayan ƙato kau, sai gidan ga."

"Ke ba ki san komi ba. Bayan ga ni nis share shi, ni ka noman shi shekara ashirin da bakwai. Wani shi zo da tsinke shi yi shibka cikin gonata?"

Dijatu ta ɗauke tuwonta tana dariya. Shi kuwa ba dariya a ransa. Abin da yake ci masa zuciya ba ciwon Kailu ba ne, kuma ya san abin kunya ne, amma haka yake: tsoro yake kada allurar ta yi aiki. Ya kwatanta Kailu kwance a gaban Isufu, riga a tuɓe, yatsun wani suna yawo a kan tabban da shi ya yi, sai ya ji kamar ya haɗiyi garwashi.

Ranar Lahadi ya shimfiɗa tabarma bai sa ran ganin kowa ba. Rana ta ɗaga sai ga Kailu, tafe yana tallabe da hannun dama da na hagu, yana cije leɓe. Ya zauna, ya tuɓe riga da ƙyar.

"Kahwa mani, Na'Allah."

Na'Allah ya jawo zabira cike da murna. Ya kafa ƙaho huɗu, daidai kan ɗigon nan na Majo, ya tsaga su har suka ɓace cikin tsagarsa. Ya juye jinin a yashi, ya ɗaga murya yadda dillalan raƙuma za su ji, ya ce ga ciwon da allura ta tara. Kailu ya miƙe, ya ɗan juya kafaɗa, ya ɗaga hannun a hankali. Ya wuce ƙirji, ya wuce kunne, ya miƙe sama sak har ya taɓo reshen gawo. Kasuwa ta ɗauki salati. Kafin la'asar labari ya kai 'yan gishiri, ya kai 'yan tabarmi: abin da allurar Majo ta ɓata, ƙahon Na'Allah ya gyara nan take.

Daga nan sunan Na'Allah ya tashi. Mutane suka riƙa zuwa daga Bankuku da Damana da ƙauyukan Kurfai suna neman ƙahon da ya ɗaga hannun mai guga. Kafaɗar Kailu kuma takan tashi sau huɗu ko biyar a shekara, musamman da bazara. Kullum ranar Lahadi zai zo yana nishi, a kafa masa, ya miƙe ya taɓo reshe. Kullum kuma, kafin ya kifa ƙaho, Na'Allah zai daɗe yana wanke bayan, wai yana cire ƙura. Ba ƙura yake nema ba. Ɗigo yake nema, tun daga gindin wuya har ƙugu, layi bayan layi. Bai ƙara ganin ko ɗaya ba.

Mai hankali sai ya ce to kishi ya ƙare. Ina! Kishi ba ya ƙoshi da nasara. Idan Kailu ya gaisa da Majo a hanya ya daɗe riƙe da hannunsa, Na'Allah ya gani. Wata babbar salla Kailu ya aika wa Majo da cinyar rago, labari ya zo wa Na'Allah kafin naman ya isa, duk da shi ma an kawo masa tasa cinyar. Sai da ya tambayi ɗan aiken wacce ta fi girma. Ƙanwar Kailu, Rabi, tana aure a gidan da ke katanga ɗaya da na Majo, Kailu yakan je gaishe ta wata ranar Alhamis, Na'Allah ya ce shi bai taɓa ganin zumunci mai yawa irin wannan ba.

Mulkin soja ya wuce, aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka cika gari da tutoci. A rediyo aka fara maganar wani ciwo da yake bin jini, aka tara wanzaman yankin duka a farfajiyar asibiti a koya musu aiki da reza sabuwa ga kowane mutum. Wa zai koyar? Isufu. Na'Allah ya zauna a layin baya ya juya gefe. Majo ya hango shi, ya ce a gaban kowa, "Sarkin Aska, hannunka ba shi da na biyu cikin ƙasag ga. Askar kaɗai muka so ta canza." Yabo ne tsakani da Allah, amma Na'Allah ya dawo gida ya ce wa Dijatu an yi masa ba'a a bainar jama'a. Ya koma aiki da reza sabuwa kamar kowa, ya ce dama shi ya riga ya yi niyya.

Shekara ashirin da biyu bayan farin nan, Kailu ya kwanta zazzaɓi bayan girbi, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Na'Allah yana cikin masu zuba ruwa wurin wanka. Da aka juya gawar ya ga bayan nan karo na ƙarshe, ya ga karkataccen tabon farko, ya ga babu layin kowa sai nasa, ya fita ya jingina da katanga ya yi kukan da bai yi ba ranar mutuwar ubansa. A wurin zaman makoki kuma sai ga Majo, wanda ya daɗe da ajiye aiki, ya tsufa, ya sa tabarau. Kwana uku yana zuwa yana zama, yana share ido da bakin rawani. Ko a nan zuciyar Na'Allah ba ta bar halinta ba. Ya raɗa wa na kusa da shi, "Shi wanga mi yah haɗa shi da Kailu da za shi hi mu kuka?"

Ba a yi wata uku ba tasa kafaɗar ta ƙulle, ta dama, hannun aska. Wanzami ba ya son jarfa, kuma ba ya iya kafa wa bayansa ƙaho. Ya daure sati uku, sannan ya tafi wani ƙauye inda ba a san shi sosai ba ya ba wani wanzami bayansa. Jini ya fita baƙi, an nuna masa, kafaɗa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake komawa, haka. Ya daina fita kasuwa, ya ce wa mutane zaman makoki yake yi.

Sai matar ɗan Kailu ta haifi namiji ranar wata Lahadi. Aka aiko wa Na'Allah da goro, a matsayinsa na wanzamin gidan tun kaka da kakanni: suna Lahadi mai zuwa, kuma sunan marigayi za a mayar. Na'Allah ya ɗauki reza ya gwada a kan ƙwarya, hannun ya ƙi kaiwa, ya yi rawa. Da hannu irin wannan ba a kusantar kan jariri.

"Sai a kira wani shi yi askin," in ji Dijatu, tana tankaɗe ba ta ko dube shi ba. "Wanzamai sun ƙare? Kan Kailu ƙarami, kowa aska tai ta iya."

Ta san inda ta soka. Ranar Alhamis da hantsi Na'Allah ya bi ta bayan gari, ya zaga ta lungun gidan Rabi don kada a gan shi, ya yi sallama a zauren Majo.

Majo bai nuna mamaki ba, bai kuma yi murmushin da Na'Allah ya zo da shirin jin haushinsa ba. Ya nuna masa wani dogon benci mai shimfiɗa. Alluran yanzu a cikin takarda suke a liƙe, kowace sau ɗaya ake aiki da ita a jefar. Ya faɗa masa abin da zai ji, kalma bayan kalma irin wadda Kailu ya faɗa a waccan Juma'ar: cizon sauro, tsallen nama, tsamin kwana biyu, ruwan ɗumi. Na'Allah ya kwanta rubda ciki, ya juya fuska bango. Yatsan Majo ya yi ta yawo har ya tsaya ƙarƙashin allon kafaɗa, ya danna. Ciwon ya harba har gwiwar hannu.

"Nan na," in ji Majo. "Daidai wurin Kailu. Nashi ƙullin kullum ƙarƙashin karkataccen tabon nan shika ɓoyo."

"Kullum?" Na'Allah ya yi magana da bango. "Sau guda kat taɓa shi, shekara ashirin da biyu."

Majo ya yaga takardar allura. Sannan ya yi magana a hankali, da muryar mutumin da ya daɗe yana riƙe da abu har ya gaji.

"Sau huɗu, sau biyat, ko wace shekara. Alhamis shika zuwa, ta ƙohwar Rabi. Juma'a da Asabar shi yi jinyar tsami. Lahadi shi tashi garau, shi tallabe hannu, shi taho wurinka."

"Ƙarya ta! Ni ka diba bayan nan da idona. Ko ɗigo guda ban gani ba."

"Ba ka gani. Cewa yay yi in ba cikin tabonka za ni soka ba, to in bar shi da ciwo nai. Sai in nemi layin da yah hi kusa da ƙullin, in shiga ta nan, in karkata allura. Hwatar tabo tauri gare ta, Sarkin Aska, ta hi zahi nesa. Na hwaɗa mai. Yac ce shi dai kar ka gani."

Allurar ta shiga. Na'Allah bai ma ji shigarta ba. Ta kai kan ƙullin, naman ya yi tsalle da kansa, sau ɗaya, sau biyu.

"Don mi kaka hwaɗa mani yanzu?"

"Don ni ma mutum na," in ji Majo, muryarsa ta ɗan tashi. "Shekara ashirin da biyu ni ka warkar da shi, kasuwa na yi maka salati. Wannan bai dame ni ba sosai. Amma ko sau guda bai zamna nan yar raba goro da ni ba. Ana zare allura shi maida riga shi ce Allah shi saka, shi hita. Ni kau in biyo ta kara ran Lahadi, in hango ku gindin gawo har la'asar. Tare munka tashi, mu ukku. Ni anka kama, ku anka bari."

Na'Allah ya mayar da rigarsa ya fita bai yi godiya ba.

Juma'a kafaɗar ta yi tsami kamar an doke shi da taɓarya, ya ji daɗi. Asabar ta ƙara, ya ƙara jin daɗi. Ya ce wa Dijatu ga shi nan, dama ya faɗa, allurar banza ce da mai ita maƙaryaci. Dijatu ta kawo ruwan ɗumi ta gasa masa. Bai taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. In hannun bai tashi ba, wani zai aske kan jikan Kailu. In ya tashi, to Majo gaskiya ya faɗa. Ya rasa wanne zai roƙi Allah, sai ya yi ta jan carbi bai roƙi komai ba.

Lahadi da safe Dijatu ta leƙo ta ce masa mutane sun fara taruwa, ya yi sauri. Zabirar tana rataye a ƙusa can saman bango, inda ta yi wata biyu tana shan ƙura. Cikin hanzari, ba tare da ya yi tunani ba, ya miƙa hannu ya sauko da ita. Sai da ta zo ƙirjinsa ya lura da hannun da ya miƙa.

Ya tsaya a tsakar ɗakin. Ya sake ɗaga hannun, ya wuce kunne, ya taɓo azara. Babu ciwo, sai ɗan tsami can nesa. Ashe haka kafaɗar Kailu take kowace Lahadi. Da wannan sauƙin yake tahowa tun daga rijiya yana tallabe da hannu, ya zauna, ya tuɓe riga, ya miƙa lafiyayyen baya ga aska, sau ɗari ko fiye, don kada abokinsa ya ture tuwo. Na'Allah ya zauna a bakin gado da zabira a cinya.

A gidan suna liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce Kailu ya dawo. Aka miƙo jaririn. Na'Allah ya ɓare reza sabuwa, ya jiƙa ɗan kan, ya aske shi tas ba ko ƙwarzane, ya shafa shi da tafin hannu. Wani tsohon dillalin raƙuma ya ce, "A'a, Sarkin Aska, an ce hannunka ya ƙi. Ƙahon wa yat tashe shi?"

Majo yana zaune can ƙarshen tabarma, kansa a sunkuye. Na'Allah ya dube shi. Sannan ya juya ga dillalin ya ba shi amsa.

"Ba ƙaho ba na. Allurar Majo ta. Ita tat tashi nau, ita ka tashin na Kailu."

Na'Allah ya naɗe zabirarsa, ya ɗauki goro ɗaya cikin na suna, ya taka har ƙarshen tabarma ya zauna kusa da Majo. Ya ɓare goron biyu, ya duba, ya riƙe babban ɓarin, ya miƙa masa ƙaramin.

"Amma wurina shika zama," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani," in ji Majo, ya karɓa.

Na'Allah ya ɗaga hannun dama ya share idonsa da hannun riga.